Zanko a Kan Bulo: Ginin Kakanni Muka Farfaɗo da Shi, Ko Rigarsa Muka Ara?

Duk wanda ya hau mota daga Batsari ya shiga Katsina zai ga gine-ginen siminti da aka ɗora wa 'yan ƙahonni a kusurwa, aka zana musu dagi a goshi, wasu ma aka shafe su da fenti ruwan ƙasa. Akwai ofisoshin gwamnati, akwai ƙofofin gari da aka sake ginawa, akwai gidajen masu hali. Waɗannan ƙahonni su ne zankwaye. Masu nazarin tarihin gini suna kiran irin wannan aiki farfaɗo da salon da, wato mutanen wani zamani su koma su ɗauko fasalin ginin magabata su sa wa sabon gini. Abin tambaya shi ne: me ake ɗaukowa, me kuma ake bari a baya?

A ginin ƙasa na asali yawancin abubuwan da ake sawa ba don ado kawai ba ne. Magini yakan kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, ya shanya a rana. Bango yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa yana hawa. Kaurin nan ne ke sa zafin rana ya daɗe bai ratsa ciki ba, shi ya sa soro ke da sanyi da azahar a watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ya zama kamar tanda. Da azarar giginya ake rufi, domin gara ba ta cika cin ta ba. Indararo yana kai ruwan sama nesa da bango. Makuba, wadda ake samu daga ɗorawa, da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina, su ke kare yaɓe daga damina. Shi kansa zanko, magina kan ce yana danne kusurwa, inda ruwa ya fi saurin cin gini, kuma a jikinsa ake ɗaura igiya idan za a hau yin yaɓe. To, zankon da aka zuba da siminti a kan bulo mai rami, ƙarƙashin rufin kwano, wane aiki yake yi? Kyau yake ƙarawa, shi ke nan.

Domin a gane zurfin ilmin da ake magana a kai, sai a dubi tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Azara ba ta da tsawon da za ta haye babban fili ita kaɗai. Sai ya riƙa jera ta gaɓa-gaɓa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, ana lulluɓe ta da ƙasa, har ɓangarori biyu su haɗu a sama su zama bakan gizo. A kan waɗannan bakuna aka ɗora tulluwa. Babu ƙarfe, babu siminti. A shekarun 1970 aka gina sabon masallaci na zamani ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon. Wanda ke son ganin cikakken fasalinsa sai ya je gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, inda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci sake gina shi da ƙasa bisa awon da ya ɗauka tun kafin a taɓa shi.

Mu ma a jiharmu muna da misali. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da ƙasa aka gina ta a salon Hausa, duk da cewa Turawan mulki ne suka kafa ta. Yanzu gidan tarihi ce. Ta haura shekara ɗari tana tsaye, abin da ya kamata ya sa mai cewa ginin ƙasa ba ya ƙarko ya sake tunani.

Kada a ɗauka mu kaɗai ne ke aron rigar da. Akwai wani gari a Amurka da labarinsa ya yi kama da namu ƙwarai, sunansa Santa Fe, a jihar New Mexico. Yankin busasshe ne, kuma mutanensa na asali, waɗanda ake kira Pueblo, da ƙasa suke gini tun kafin Turawa su taka nahiyar, da rufin soro da itatuwa a jere kamar azararmu. A 1848 Amurka ta karɓe yankin daga Meziko bayan yaƙi, a lokacin da take ta faɗaɗa iyakarta zuwa yamma. Baƙin da suka fara kwararowa sun raina ginin ƙasa, suka kawo jan bulo da kwano, musamman bayan jirgin ƙasa ya iso a 1880.

Daga baya sai masu zane suka zo. A 1915 wasu daga cikinsu suka kafa ƙungiya a garin Taos, suna zana duwatsu da sararin sama da gidajen ƙasa na Pueblo. Kamfanin jirgin ƙasa ya riƙa sayen irin waɗannan zane-zane yana bugawa a kalanda don jawo matafiya. Abin da aka raina jiya sai ya zama abin kallo mai kawo kuɗi. A 1917 aka buɗe gidan adana zane-zane na Santa Fe da aka gina a wannan salo, a 1957 kuma garin ya kafa dokar da ta tilasta wa masu gini a tsohuwar unguwa su bi shi. Sai dai da yawa daga cikin sababbin gidajen bulo ne ko katako aka shafe da siminti ruwan ƙasa, aka manna guntayen itace a bango don su yi kama da kan azara. Zankon siminti ke nan na Amurka. Su kuwa masu salon na asali, a 1906 gwamnati ta ƙwace wa mutanen Taos wani tafki da suke girmamawa ta sa shi cikin gandun daji, ba a mayar musu ba sai 1970. Ana sha'awar gidansu a zane, ana riƙe da ƙasarsu.

A ganina, maƙwabtanmu na Nijar sun fi kama hanya. A ƙauyen Yama da ke jihar Tawa, wani magini mai suna Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, daga baya ya ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da fasalinta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda ake ji da ita a duniya. A Dandaji kuma, cikin jihar dai, masu zanen gini biyu mata, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo da bulon ƙasa da ake matsewa da inji. An kammala a 2018, kuma maginan yankin ne suka yi aikin. Nan ilmin aka ɗauko aka ƙara masa dabarar zamani, ba ado kaɗai ba.

Ginin ƙasa yana da nasa wahalhalun, kowa a cikinmu ya sani. Yana son yaɓe akai-akai, idan aka yi sakaci damina ɗaya ta isa ta kayar da katanga. Giginya ta yi ƙaranci, samari kuma sun fi son koyon aikin bulo saboda nan kuɗi yake. Amma siminti ma kullum tsada yake ƙarawa, ga iyalai da yawa da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu na bakin dajin Rugu, waɗanda za su buƙaci sake gini, a cikin gari ko a can gida idan Allah ya kawo sauƙi. Ƙasa kuwa tana nan ƙarƙashin ƙafarmu. Waɗanda suka san yadda ake ɗaura bakan gizo ne ke tsufa.

Saboda haka kulob ɗinmu na 'yan jarida yana roƙon duk ɗalibin da ke da tsohon soro ko zaure a unguwarsu, a Batsari ko Ruma ko Safana, ya nemi izinin mai gida ya zana shi a takarda, ciki da waje, ya tambayi wanda ya gina da kayan da aka yi aiki da su. Muna kuma roƙon malamanmu na zane da na tarihi su taimaka wajen tantancewa. Za mu manna waɗanda suka fi kyau a wannan allo a fitowa ta gaba.