Ingancin Kulawa da Masu Raunin Fahimta: Darasi Daga Ingila

A shekarar 2011, shirin Panorama na BBC ya nuna hotunan da aka ɗauka a asirce a Winterbourne View, wani asibiti mai zaman kansa kusa da birnin Bristol, inda ma'aikata ke dukan masu raunin fahimta, wato waɗanda koyo da sarrafa al'amuran yau da kullum ke yi wa wuya tun ƙuruciya. An rufe asibitin, kotu ta hukunta ma'aikata 11, shida daga cikinsu aka ɗaure. Tun kafin haka wani ma'aikacin jinya ya kai koke ga hukumar sa ido ta CQC, amma ba a saurare shi ba.

Lamarin ya ƙara ƙarfafa kiran a fitar da irin waɗannan bayin Allah daga asibitoci zuwa gidajen da suke haya da sunansu, masu taimako su riƙa zuwa musu. Yarjejeniyar haya daban, ta kulawa daban. Idan kulawa ta lalace, masu kulawar ake sauyawa, mutum ya ci gaba da zama a gidansa.

Sai dai kyan gini ba ya tabbatar da inganci. Shin shi yake zaɓar abincinsa da lokacin barcinsa? Ana yin sallama kafin a shiga ɗakinsa? 'Yan'uwansa na iya ziyara ba tare da sanarwa ba? Wa ke sauraron kokensa? Duk kwamitin da aka damƙa wa amanar irin wannan gida, da waɗannan tambayoyi ya kamata ya fara.