Marubuci a Zauren Shugaban Jami'a



Tun zamanin da, malamai sun yi saɓani a kan ko ya dace ma'abocin ilmi ya riƙa zarya a ƙofar mai mulki, domin sun lura cewa wanda ya ci tuwon mutum, ya sha ruwansa, ya kwana a inuwarsa, da wuya harshensa ya miƙe a gabansa ranar da gaskiya ta zo da ɗaci. Wannan tsohuwar mas'ala ce ta faɗo mini a rai sa'ad da na dubi wata al'ada ta jami'o'in Amurka, inda shugaban jami'a kan gayyato mashahurin marubucin hikaya, a jera kujeru a kan dandamali, zaure ya cika maƙil da ɗalibai da shaihunan malamai, sa'an nan shi shugaban, wanda kullum shi ake jira ya yanke hukunci, ya koma mai tambaya. Misalin da ya fi kusa da mu kuwa shi ne na marigayi Chinua Achebe, mutumin Ogidi, mawallafin Things Fall Apart na 1958.

A watan Fabrairu na 1975, yana malami baƙo a Jami'ar Massachusetts da ke Amherst, aka ba shi mumbarin laccar da ake yi da sunan shugaban jami'ar, wadda bisa al'ada wurin girmamawa ce. Da ya miƙe, sai ya ɗauko littafin Joseph Conrad mai suna Heart of Darkness, wanda masu masaukinsa suka daɗe suna karantarwa a matsayin ƙololuwar fasaha, ya warware shi zare-zare, ya kafa hujja cewa marubucin ya mai da Kwango da mutanenta tamkar labulen bango wanda Bature ke haukacewa a gabansa, ya hana su ko da baiwar magana, daga nan Achebe ya kira Conrad mai wariyar launin fata ba tare da sakayawa ba. Achebe da kansa ya ba da labarin cewa bayan an tashi, ana cikin liyafa, wani dattijon farfesa ya tako har gabansa a fusace, ya tuhume shi da tsaurin ido, ya juya ya yi tafiyarsa. Amma wani kuma daga baya ya zo ya yi iƙirarin cewa duk shekarun da ya yi yana karantar da littafin, sai a ranar ya karanta shi a haƙiƙa.

Shekara 15 bayan haka ƙaddara ta gifta. A watan Maris na 1990 Achebe ya yi hatsarin mota a kan hanyar Legas, aka kai shi Ingila jinya, ya tashi ƙafafu ba sa ɗaukarsa. A wannan hali ne Leon Botstein, shugaban Kwalejin Bard a jihar New York, wanda ya hau kujerar tun 1975 yana ɗan shekara 28, kuma shi kansa jagoran makaɗa ne ba ma'aikacin ofis kurum ba, ya aika masa da tayin kujerar farfesa, kwalejin kuma ta tanadar masa gida wanda keken guragu zai shiga ya fita ba tare da an ɗauki mai shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa da majinyaci a gindin matakala yana neman majiya ƙarfi biyu, ya san wannan karimci ya wuce na fatar baki. Nan Achebe ya zauna kusan shekara 20.

Da ya cika shekara 70, a watan Nuwamba na 2000, kwalejin ta tara masa takwarorinsa, su Wole Soyinka da Ngugi wa Thiong'o da Nuruddin Farah, aka kuma zaunar da shi tare da Toni Morrison, wadda ta karɓi lambar Nobel a 1993, Botstein yana tsakani yana jefa musu tambaya. Mujallar Transition ta buga wannan muhawara a 2001. Abin da ya ƙara wa zaman armashi shi ne, ita Morrison tun tana edita a kamfanin Random House ta taimaka aka fitar da tarin adabin Afirka a 1972, har da rubutun Achebe a ciki, watau ta san shi a takarda tun kafin duniya ta san ta.

A ganina, albarkar irin wannan majalisa tana rataye ne a wuyan shugaban, ko ya karanta littattafan baƙonsa ko kuwa an rubuto masa kirari ne ya karanto. Mu ma a nan gida mun sha ganin an kira marubuci ranar yaye ɗalibai, a yafa masa alkyabba, a ɗora masa hula mai tunku, a ɗauki hoto, a sallame shi, alhali ba wanda ya tambaye shi ko da mas'ala ɗaya a gaban yaran da suka kwana suna haddace littafinsa domin jarrabawa.

Shin masauki ya ɗaure harshen Achebe? Daga wannan gida na Bard ne dai ya aiko a 2004 cewa ba zai karɓi lambar girmamawar da gwamnatin Obasanjo ta ba shi ba, saboda abin da yake gani ana yi a jiharsa ta Anambra. A 2009 ya koma Jami'ar Brown, zamanin shugabancin Ruth Simmons, baƙar fata ta farko da ta riƙe ɗaya daga cikin wasu tsofaffin jami'o'i takwas masu daraja na Amurka, inda aka kafa taron shekara-shekara da sunansa domin munazara a kan sha'anin mulki a Afirka. Yana can a 2011 aka sake miƙo masa lambar nan, ya sake mayar da ita. Ya rasu a Boston ranar 21 ga Maris, 2013, aka kawo shi Ogidi aka binne.