Fita Ƙasar Waje Da Keke

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ɗan fili in yi magana a kan wani abu da samarinmu na Kakuri da Makera suka sa a gaba, watau su hau keke su fita ƙasar waje yawon buɗe ido. Ban ga laifin wannan niyya ba. Amma na lura hirarsu duk ta ƙwarin ƙafa ce da yawan mil, alhali kuwa abin da ya kan tsai da mutum yana bakin iyaka.

Abin da ya zuga su labarin mutum biyu ne. Aliyu Abdullahi Bala ya tashi daga Jos cikin Fabrairu 1921 da ɗari, watau 2021, ya bi ta Nijar da Cadi da Sudan, bai isa ƙasar Makka ba sai Disamba 2022. Na biyu Mamadou Safayou Barry ne, mutumin Gini, wanda ya nufi Jami'ar Azhar ta Alƙahira a 2023. Ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Benin da Nijar, aka tsare shi har sau uku, biyu a Burkina Faso, ɗaya a Togo. Da ya kai Cadi, sai waɗansu mutanen kirki suka tara masa kuɗin jirgin sama, don yaƙi ya riga ya ɓarke a Sudan tun Afrilun shekaran nan. To, ku duba, jama'a: hanyar da Aliyu ya bi lafiya, kafin shekara ta zagayo ta toshe wa Mamadou.

Wanda ya tashi daga nan Kaduna, ƙasar da ta fi kusa da shi Nijar ce. Zai haye gadar kogi, ya bi Zariya da Funtuwa da Katsina, ya fita ta Jibiya, ya shiga Ɗan Isa, sa'an nan Maraɗi. Hausa ake yi ko'ina, har mutum ya kan manta ya bar gida. Amma kuɗi sefa ne, kuma ma'aikacin iyaka takarda ya sani. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka yarda mutanensu su shiga wa juna ba biza, har kwana 90. Nijar kuwa ta fita daga ƙungiyan nan cikin Janairu 2025, Cadi dā ma ba ta ciki. Iyakar ma an rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, sai cikin Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Saboda haka kada kowa ya dogara da labarin wanda ya wuce bara. Ya tafi ofishin shige da fice ya tambaya, ya riƙe fasfo da katin allurar shawara. Ya kuma nemi labarin hanyar Jibiya wurin direbobi, gama 'yan fashin daji sun sha tare ta.

Keken kansa yana son tasa takarda. A riƙe rasit mai ɗauke da lambar da aka buga a jikin ƙarfensa, don kwastan su ga ba na sata ba ne, ba kuma na sayarwa ba. Ni a ganina, tsohon keke mai kauri irin Raleigh ya fi sabon na tsere dacewa da tafiyan nan, ko da ya ke samari za su yi mini dariya. Dalili kuwa, in tayarsa ta fashe ko sarƙa ta tsinke, mai faci na kowace kasuwa zai gyara shi. Na tsere mai siririyar taya, sai a yi kwanaki ana neman tiyub ɗinsa.

Wanda zai fara da jirgin sama, shi kuma sai ya kwance feda da tayar gaba, ya juya kan keken, ya rage iskar tayoyi, ya sa shi cikin kwali. Kowane kamfani da nasa awo da kuɗi, sai a tambaya tun kafin a yanki tikiti. Sifana kuwa a sa ta cikin kwalin, don ba safai a kan bar mutum ya shiga jirgi da ita a hannu ba, kuma da ita zai ɗaura keken in ya sauka.

Wasalam.

Naka,
Wani Akawu,
Kakuri, Kaduna.