2,147,483,647: Lambar Da Ta Sa YouTube Sauya Ma'auni, Kuma Take Jiran Tsofaffin Na'urori A 2038

A watan Disamban 2014, YouTube ya sanar cewa bidiyon waƙar Gangnam Style ta mawaƙin Koriya ta Kudu, Psy, ya zarce adadin kallon da ma'auninsa na asali zai iya ɗauka. Adadin kuwa shi ne 2,147,483,647. Wannan lamba ita ce iyakar ƙirga a cikin manhajoji da na'urori da dama.

Dalili shi ne kwamfuta ba ta san komai ba sai 0 da 1, kuma kowane gurbi da ke ɗaukar ɗayansu ana kiran sa bit. A tsarin bit 32, ana ware gurbi guda don nuna ko lamba tana sama da sifili ko ƙasa da shi, saura 31. Idan aka jera 2 har sau 31 aka ninka su da juna, za a sami 2,147,483,648. Sai a cire ɗaya, tunda daga sifili ake fara ƙirga.

Tun kafin zuwan kwamfuta masana lissafi suka san ta. Tana cikin lambobin da ba sa rabuwa, wato babu lambar da za ta raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Leonhard Euler ne ya tabbatar da haka a 1772. Irin waɗannan lambobi da ake samu ta ninka 2 da kanta sannan a cire ɗaya ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan wani malamin coci ɗan Faransa na ƙarni na 17. Ita ce ta takwas a jerin, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287.

Inda abin ya shafi masu waya shi ne agogo. Tsarin Unix, wanda Android ya gaji salon ƙirgarsa, yana lissafa lokaci da daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970. Ƙirgar za ta kai wannan lamba ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 4:14 na asuba agogon Najeriya da Nijar. Daƙiƙa guda bayan haka, na'urar da ke ajiye lokaci a bit 32 za ta koma 13 ga Disamban 1901. Agogon da ya rikice haka kan hana waya buɗe shafuka masu tsaro.

Maganin shi ne tsarin bit 64, wanda YouTube ma ya koma kansa. Apple ya kawo shi a iPhone 5s a 2013, Google Play kuma ya wajabta wa masu manhajoji shi daga Agustan 2019. Sai dai wasu wayoyin Android masu araha suna tafiya ne da manhajar bit 32. Mai shirin sayen irinsu, ko tsohuwar waya, zai iya duba tsarinta da manhaja kamar AIDA64 kafin ya biya kuɗi.