Yadda iska ke tona asirin gwajin bam ɗin nukiliya

Ranar 9 ga Oktoba 2006 ƙasa ta girgiza a Koriya ta Arewa. Na'urorin sauraron girgizar ƙasa, irin waɗanda ke Torodi a nan Nijar, suna iya nuna wuri da lokaci, amma nakiya mai yawa ma tana girgiza ƙasa. Hujjar ta zo ne ta iska: bayan kamar mako biyu, wata tasha a Yellowknife ta Kanada ta kama iskar zenon-133.

Idan ƙwayar zarra ta uraniyom ko pulutoniyom ta tsage, takan bar ɓaraguzai iri ɗaruruwa masu fitar da tururin nukiliya. Kowane iri yana da lokacin da rabinsa ke ƙarewa. Wasu daƙiƙoƙi ne kawai. Zenon-133 kwana biyar da ɗan ɗoriya, iyod-131 kwana takwas, seziyom-137 kuwa shekara 30. Saboda haka ganin seziyom a ƙura ba ya nuna sabon abu, yana iya zama ragowar gwajin da Faransa ta yi a Reggane ta Aljeriya a 1960. Amma wanda ya kama iyod-131 ya san abin bai daɗe ba.

To ta yaya ake gane su, alhali ba a ganinsu, ba a jin warinsu? Kowanne na fitar da hasken gama mai nasa ƙarfi, kamar muryar da ake gane mai ita ko cikin duhu. Na iyod-131 yana kan maki 364 a ma'aunin keV, na seziyom-137 a 662. A tashoshin hukumar CTBTO, injin yana zuƙar iska awa 24 ta cikin matata, a ajiye matatar kwana ɗaya, sannan a sa ta gaban ƙarfen jarmaniyom mai tsananin sanyi, wanda ke ƙirga hasken. Zenon kan bi ta matata ya wuce, dole a tara shi da wata na'ura dabam. Shi ne kuma ya fi amfani, don yana sulalowa ta tsagar duwatsu ko an binne bam ɗin.

Aikin na da wuya. Masana'antun da ke haɗa sinadaran hoton asibiti, kamar ta Fleurus a Beljiyam, su ma suna sakin zenon. Sai masana sun kwatanta yawan nau'o'insa huɗu, sun kuma bi sawun iskar baya da taswirar yanayi, kafin su ce daga ina ta taso.