Babi na Tara: Wakili, Ginshiƙin Kuɗin Waya

Akwai wata gurguwar fahimta da ta yaɗu har tsakanin ma'abota ilimi, wai intanet da manyan wayoyi na shafawa su ne suka kai harkar banki ga talakan ƙauye. Haba! Mai faɗin haka bai leƙa tarihin al'amarin ba, domin sa'ad da kamfanin Safaricom ya buɗe M-Pesa, tsarin aika kuɗi ta waya, a ƙasar Kenya cikin watan Maris na 2007, 'yar ƙaramar waya mai maɓallai ce ta ɗauki nauyin, kuma da gajeren saƙo kuɗi ke isa ga mai shi.

Asalinsa ma abin ta'ajibi ne. An tsara shi domin masu ƙananan rance su riƙa biyan bashi cikin sauƙi, amma da aka jarraba, sai jama'a suka karkatar da shi ga aika wa dangi kuɗi, alhali kafin nan leburan da ke Nairobi sai ya damƙa guminsa ga direban mota ko wani mai tafiya gida, ya yi tawakkali, ko saƙo ya isa ko ya salwanta.

Batun ajiye kuɗin jama'a a bankuna bisa amana, ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Kenya, ba sai mun tsawaita ba. Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne wakili, mai 'yar rumfa a bakin kasuwa, wanda dole ya riƙe jaka biyu: tsabar kuɗi a akwati, da kuɗin da ke cikin wayarsa. In ka kawo masa tsaba, akwati ya cika, waya ta ragu. In ka zo cirewa, sai akasin haka. To, da yake mutanen ƙauye karɓa suka fi yi, akwatinsa kan ƙone tun kafin azahar, ala tilas ya rufe rumfa ya nufi bankin gari ya sake lodi.

Mu ma mun ɗanɗana haƙiƙanin wannan a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira a Nijeriya, inda mutum ke da kuɗi fal a waya amma ya yini a gaban mai POS bai samu na cefane ba. Saboda haka mai son auna yadda wannan hikima ta kai ga talaka, ya bar ƙirga wayoyi, ya tambayi nisan wakili daga ƙofar gidan talakan, da abin da ke cikin akwatin wakilin.