Shirin Musamman: Kifin Wel da Masuntan San Ignasiyo

(Sautin igiyar ruwa da ƙarar injin kwale-kwale)

Yau shirin namu ya yi nisan zango, domin za mu je yammacin ƙasar Meziko ne, yankin Baha Kalifoniya, inda hamada ke gangarowa har bakin tekun Pasifik. A can akwai wani tafkin ruwan gishiri mai haɗe da teku, sunansa San Ignasiyo. Ba birni a wurin, sai bukkokin masunta da iska mai ƙura. Amma duk shekara, daga Janairu zuwa farkon Afrilu, mutane daga ƙasashe daban-daban sukan kwashi kuɗi su je, don kawai su zauna a ƙaramin kwale-kwale su jira wata dabba ta ga dama ta zo wurinsu.

Dabbar ita ce kifin wel mai ruwan toka. Babba yakan kai mita 14 a tsawo, nauyinsa kuma tan 30 ko fiye. Kifi muke ce masa, amma haihuwa yake yi, yana shayarwa, kuma dole ya riƙa tasowa saman ruwa yana shaƙar iska. Da bazara yana can arewa, tekun Bering da na Cukci tsakanin Alaska da Rasha, yana kiwo. Yakan kwanta ta gefe a ƙasan teku ya zuƙi laka, ya tace ta da wasu gezoji da ke bakinsa kamar yadda ake tankaɗe da rariya, ƙananan halittun da suka rage ya haɗiye. Idan sanyi ya kama sai ya nufo kudu. Zuwa da komawa ya haura kilomita 16,000, kuma a yawancin tafiyar kitsen jikinsa yake ci. Uwayen na neman ruwa mai ɗumi marar zurfi ne don su haihu, inda kifin orka, babban abokin gabar jariransu, bai cika shiga ba.

(Kiɗa)

To, wannan mafakar ita ta zame musu tarko a da. A 1857 wani kyaftin Ba'amurke, Charles Melville Scammon, ya shiga da jirginsa tafkin Oho de Liyebre da ke arewa kaɗan da nan, daga baya maharba suka gano San Ignasiyo ma. Man kifin suke nema, wanda ake zubawa a fitila a wancan zamanin. Dabararsu kuwa ta rashin imani ce. Sai su soki jaririn da mashi, sun san uwar ba za ta tafi ta bar shi ba, idan ta matso ita ma su soke ta. Uwayen ba su kwanta an yanka su ba. Da bugun wutsiya ɗaya uwa kan farfasa kwale-kwale, ta karya ƙasusuwan maharba, har suka laƙaba wa dabbar sunan shaiɗanin kifi. Cikin 'yan shekaru kaɗan tafkunan suka kusa zama wayam. Sai da yarjejeniyar duniya ta 1946 ta hana farautar wannan wel ɗin don kasuwanci sannan ya fara farfaɗowa.

Maharba sun tafi, amma tsoron ya zauna. Masuntan San Ignasiyo sun taso suna jin labarin shaiɗanin kifi daga bakin iyayensu, saboda haka idan suka hango feshin numfashinsa sai su kauce.

A 1972 wani masunci mai suna Francisco Mayoral, wanda kowa ke kira Paciko, yana kamun kifi da abokin aikinsa sai ga wel ya taso dab da jirginsu. Ya nutse, ya ɓullo ta ɗaya gefen, ya goga jikinsa da jirgin, ya ƙi tafiya. Ku tuna, dabbar ta ninka jirgin a tsawo, kuma mutanen nan biyu sun san abin da kakanninta suka yi wa jirage irin nasu. Da Paciko ya ga babu mafita sai ya yi ta maza, ya miƙa hannu ya shafa kanta. Ba ta firgita ba, ta ƙara matsowa.

Bayan wasu shekaru abin ya daina zama labarin mutum ɗaya. Yau a San Ignasiyo uwa kan zo da jaririnta, wanda tun ranar haihuwa ya kusa mita 5, ta shiga ƙarƙashinsa ta ɗago shi zuwa bakin kwale-kwale. Mutane su shafa shi, su watsa masa ruwa, shi kuma ya juya ta gefe ya zuba musu ido. Wani lokaci ya fesa numfashi a fuskarsu, numfashin da waɗanda suka shaƙe shi ke cewa ba ya da daɗin wari ko kaɗan. Masana suna hasashen son sani ne irin na dabbobi masu kaifin ƙwaƙwalwa, wasu kuma na ganin gurnanin injin jirgi ne ke jawo su. Ba abinci ake ba su ba, kuma ba dukansu ke zuwa ba. Yawancinsu wucewa suke yi abinsu.

(Kiɗa)

A ganina, masu sauraro, abin yabo a nan shi ne tsarin da mutanen wurin suka amince da shi. An ware ɓangaren tafkin da ke kusa da bakin teku don kallo, can ciki kuma inda uwaye ke reno an bar musu shi. An ƙayyade yawan jiragen da za su shiga lokaci guda da tsawon zamansu. Direba ba ya bin kifi. Yakan rage gudu ne ya tsaya, idan an zo masa to, idan ba a zo ba baƙonsa ya yi haƙuri. Direbobin nan kuwa masuntan wurin ne, waɗanda sukan ajiye taru a watannin baƙi. A Amurka, maƙwabciyarsu, shawarar hukuma ita ce jirgi ya tsaya nesa da wel da yadi 100, kuma dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 ta haramta takura musu.

Tafkin ya taɓa shiga wani haɗarin. A 1993 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya, amma a waɗancan shekarun ne wani kamfanin gishiri, wanda a lokacin mallakar gwamnatin Meziko ne da Mitsubishi na Japan, ya shirya kafa katafariyar masana'anta a bakinsa. Aka yi ta ja-in-ja tsakanin kamfanin da masu kare muhalli, har a watan Maris na 2000 Shugaba Ernesto Zedillo, wanda ya je ya ga kifayen da idonsa, ya soke aikin.

Kada dai wani ya ɗauka ko'ina haka teku take. A Fabrairun 2025, a mashigin Magelan da ke kudancin Cile, wani wel mai doro ya taso da baki buɗe ya haɗa da wani matashi da ƙaramin kwale-kwalensa, mahaifinsa yana ɗaukar bidiyo. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ya tofar da shi lafiya lau, domin maƙogwaron irin wannan kifin ya yi ƙanƙanta ga mutum. Na san da yawa daga cikinku sun tuna ƙissar Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Wancan mu'ujiza ce, wannan kuwa dabba ce ta zo cin abincinta aka tsaya mata a hanya. A mashigin Jibraltar kuma, tun 2020 wasu kifayen orka suka tsiri lalata sitiyarin jiragen ruwa masu filafilai, har sun nutsar da wasu.

Damuwar San Ignasiyo ta yanzu daga arewa take. Ƙanƙarar tekun Aktik tana raguwa, abincin da ke ƙasan teku yana canzawa, kuma daga 2019 aka fara ganin gawarwakin wel masu ruwan toka, da yawa a rame, a gaɓar Meziko da Amurka da Kanada. Hukumar kula da teku ta Amurka, NOAA, ta ƙiyasta yawansu da kimanin 27,000 a 2016. A ƙiyasin 2025 sun koma kimanin 13,000, jarirai kuma sun yi ƙaranci ƙwarai. Masuntan sun kiyaye nasu tafkin, amma wurin kiwon yana can dubban kilomitoci daga inda ikonsu ya tsaya.

Nan muka kawo ƙarshen shirin. Idan akwai masunci ko matuƙin jirgi a cikinku da ya taɓa yin arba da wata babbar dabbar ruwa, ko dorina a kogin Kwara ko ayu a Binuwai, ya aiko mana da labarinsa. Mu kwana lafiya.